Muhawara: Manhajar da ke sa ido kan su Pod a Kubernetes, me ya sa wasu sauye-sauye suke wuce ta?

Ɗan Gangare: Assalamu alaikum manyanmu. Akwai wata ƙaramar manhaja ta Python da aikinta shi ne bibiyar su Pod, wato ƙananan rukunonin kwantena da manhajoji ke gudana a ciki, na `namespace` (sashe) ɗaya a kulasta, wato tarin kwamfutocin da Kubernetes ke rarraba wa aiki. Duk wanda ya tashi, ta sa adireshinsa a wani jeri da tsohon tsari na wajen kulasta yake karantawa, duk wanda ya mutu ta cire. Da `watch.Watch().stream(v1.list_namespaced_pod, ...)` aka rubuta ta. Damuwar uku ce. Wani lokaci ta faɗi da kuskuren 410. Wani lokaci ba ta faɗi ba, tana nan a raye, amma ko Pod goma aka kashe ba ta ce uffan. Na uku, idan aka sake tayar da ita, akan tarar da adireshin Pod ɗin da ya daɗe da mutuwa yana zaune a jerin. Ina gyaran yake?

Malamin Rikkos: Wa alaikumus salam ƙanena. Ukun nan tushensu ɗaya. Bari mu fara da abin da ke faruwa a ƙarƙashi.

Idan ka nemi `watch=true`, sabar API, wato ƙofar da ake magana da kulasta ta cikinta, tana buɗe maka amsar HTTP da ba ta rufewa, tana turo maka JSON ɗaya bayan ɗaya. Kowanne yana ɗauke da nau'insa: `ADDED`, `MODIFIED`, `DELETED`, `BOOKMARK` ko `ERROR`. Kowane abu kuma yana da `resourceVersion`, wadda ke fitowa daga lambar da etcd, rumbun bayanan kulasta, yake ƙarawa duk lokacin da aka rubuta wani abu. Lambar nan ta kulasta ce gaba ɗaya, ba ta `namespace` ɗinka kaɗai ba. To etcd ba ya riƙe tarihi har abada. Sabar API tana sa shi ya share tsohon tarihi duk minti 5, sai in an canza `--etcd-compaction-interval`. Idan haɗinka ya yanke ka dawo kana cewa a ci gaba daga lambar da aka riga aka share, amsar ita ce 410. Ba lalacewa ba ce, saba ce take gaya maka cewa abin da ya faru a tsakani ba shi a hannunta kuma.

Maganinta ɗaya ne tak. Ka sake karɓo cikakken jeri, ka ɗauki `resourceVersion` da ke kan jerin kansa, wato `metadata.resource_version` na amsar, ba ta Pod na ƙarshe a ciki ba, ka kwatanta jerin da abin da kake riƙe da shi, duk wanda ya ɓace ka lissafa shi a matacce, sannan ka buɗe sabon sa ido daga wannan lambar. Matakin kwatantawar nan shi ne babu a manhajarku, shi ya sa matattun adireshi suke kwana a jeri.

Ɗan Taminus: Ni fa Malam, da girmamawa, ina ganin ana wahalar da yaron nan ne. `namespace` ɗaya ce. Ya riƙa karɓo jeri duk daƙiƙa 30, ya kwatanta, ya rubuta. Babu 410, babu haɗin da zai mutu a ɓoye, layi ashirin na kod sun gama aiki.

'Yar Bukuru: Ɗan Taminus, in Pod ɗin ba su wuce hamsin ba, kuma tsarin na waje zai jure rabin minti yana tura mutane ga adireshin da babu kowa, maganarka tana kan hanya. Amma ka auna abu biyu. Jerin da aka nema ba tare da `resourceVersion` ba, saba dole ta tabbatar ta ba ka na yanzu-yanzu, kuma a tsofaffin sigogi hakan yana nufin zuwa har etcd a kwaso komai, a warware, a mayar JSON. Pod ɗaya da `managedFields` ɗinsa yakan kai kilobayit da dama. Ka ninka da dubbai, ka ninka da kowace manhaja da ta ce ita ma ƙarama ce. Idan abin ya yi yawa, tsarin raba fifiko na sabar zai fara mayar maka da 429. Na biyu, abin da ya tashi ya mutu a cikin daƙiƙa 30 ɗin ba za ka taɓa sanin ya wanzu ba.

Ɗan Taminus: Na biyun ai sa idon ma bai tsira daga gare shi ba, Anti. Idan haɗi ya yanke aka samu 410, duk abin da ya tashi ya mutu a tsakani ya tafi ke nan.

'Yar Bukuru: Haka ne, kuma nan ne ainihin maganar. Shi ya sa ba a gina aiki a kan sanarwa. Mai rumfa a kasuwar Farin Gada, yaro zai iya rugowa ya ce masa an sauke kwandon tumatir, amma ba bakin yaron yake rubutawa a littafi ba, tashi yake ya ƙirga abin da ke ƙasa. Sanarwa aikinta ta tashe ka. Da ka tashi, ka duba halin da ake ciki yanzu, ka duba halin da ya kamata a kasance, ka daidaita su. Idan ka rubuta kod ɗinka haka, ko sanarwa ta zo sau biyu, ko uku sun haɗe sun zama ɗaya, ko ɗaya ta salwanta, sakamako bai canzawa. Ribar sa ido a kan hanyarka ita ce sauri da sauƙin nauyi a kan saba, ba wai ba ya kuskure ba.

Ɗan Gangare: Na fahimta Anti. Saura shirun nan, shi ya fi ba ni tsoro, don babu kuskuren da ke fitowa.

Injiniyan Dilimi: Shirun nan haɗi ne ya mutu ba a sanar da kowa ba. Tsakanin manhajarka da sabar API akwai na'urori da ke riƙe lissafin kowane haɗi, kuma kowacce tana da wa'adin da take jefar da wanda ya yi shiru. NAT Gateway na AWS daƙiƙa 350 ne. Mai raba nauyi na Azure minti 4 ne in ba a taɓa shi ba. Nginx kuwa `proxy_read_timeout` ɗinsa daƙiƙa 60 ne. Wasu suna turo maka alamar rufewa, wasu kawai mantawa suke da kai. Kai kuma tunda karatu kawai kake jira, ba ka tura komai, babu abin da zai nuna maka. Idan manhajar tana ofis a nan Jos, kulasta kuma tana can Cape Town ko Turai, ƙara da ɗaukewar wuta. Kafin janareta ya kama, rawuta ta mutu ta dawo da sabon adireshi, kwamfutar da ke kan batir ba ta san an yi ba, tana nan tana jiran haɗin da ya riga ya tafi.

A Python wa'adi biyu ne, kuma mutane suna rikita su. `timeout_seconds` roƙo ne ga saba cewa ta rufe bayan lokaci kaza. Idan hanya ta riga ta mutu, rufewar ba za ta iso gare ka ba. `_request_timeout` shi ne na ɓangarenka: idan an yi daƙiƙa kaza babu ko bayit ɗaya, ya jefo kuskure. Sa duka biyun. Misali na saba 300, naka ya ɗan haura tazarar da kake sa ran samun motsi, kamar 90. Ka kama kuskuren wa'adin, ka sake haɗawa daga lambar ƙarshe da ka gani. Ka lura kuma, da zarar ka sa `timeout_seconds`, `stream` yana ƙarewa ne idan lokacin ya cika, don haka dole ka naɗe shi cikin zagayen `while` naka.

Malamin Rikkos: Ƙari a kan na Injiniya: ka kunna `allow_watch_bookmarks=True`. Abin ya zama tabbatacce tun siga 1.17. Saba za ta riƙa turo maka sanarwar `BOOKMARK` lokaci-lokaci, galibi kusan duk minti, babu komai cikinta sai sabuwar `resourceVersion`. Amfaninta babba ne ga irin `namespace` ɗinka mai shiru. Ka ga, idan awa biyu babu Pod ɗin da ya motsa a wajenka, lambar da kake riƙe da ita ta tsufa, alhali sauran kulasta ta yi nisa. Da haɗi ya yanke sai 410. Da alamar nan kuwa lambarka tana tafiya tare da kowa. Ka ciro ta daga `event['raw_object']['metadata']['resourceVersion']`, ka ajiye, kada ka yi wani aiki a kanta. Sai dai saba ba ta yi alkawarin turo ta a kan kari ba, don haka rashin zuwanta ba hujjar mutuwar haɗi ba ce, dalilin sake haɗawa ne kawai, kuma sake haɗawa daga lamba mai kyau ba shi da tsada.

Kuma don Allah ka riƙe `resourceVersion` a matsayin rubutu, ka mayar wa saba yadda ta ba ka. Kada ka ƙara mata ɗaya.

'Yar Bukuru: Akwai tambayar da ba a yi ba: me ya sa Pod ake bibiya tun farko? Ɗan Gangare, adireshin da zai iya karɓar aiki kake nema, ba haihuwa da mutuwar Pod ba. Waɗannan abubuwa biyu ne daban.

Idan aka ce a share Pod, ba `DELETED` ke fara zuwa ba. `MODIFIED` ce take zuwa da `deletionTimestamp` a jiki, sannan a ba kwantena wa'adin tattara kayanta, daƙiƙa 30 in ba a canza ba, sai daga baya `DELETED`. Wanda yake jiran `DELETED` ya yi rabin minti yana tura aiki ga mai bankwana. Haka idan kwantena ta faɗi, Pod ba ya gogewa, kubelet, wakilin Kubernetes da ke kan kowace na'ura, yana sake tayar da ita a wuri ɗaya. Abin da za ka gani `MODIFIED` ce, `restartCount` ya ƙaru, sharaɗin `Ready` ya koma `False`. Kuma a `ADDED` na farko yawanci babu adireshi ma tukuna, don ba a kai ga ba shi na'urar da zai zauna ba.

Duk wannan lissafin Kubernetes ya riga ya yi maka shi. Ka sa Service, wato abin da ke tara su Pod ƙarƙashin suna ɗaya, a gaban su Pod ɗin, ka bibiyi `EndpointSlice` na `discovery.k8s.io/v1`, ka tace da lakabin `kubernetes.io/service-name`. Kowane adireshi yana zuwa da `ready`, `serving` da `terminating`. Abin lura ɗaya: yanki guda yana ɗaukar adireshi 100 ne a tsarin asali, don haka Service ɗaya zai iya samun yankuna da yawa, kuma adireshi zai iya bayyana a biyu na ɗan lokaci. Ka haɗa su duka, ka cire maimaici, sannan ka rubuta jerinka. Tsohon `Endpoints` kada ka fara sabon aiki a kansa, yana yankewa a adireshi 1000, kuma tun siga 1.33 aka ayyana shi a wanda ake janyewa daga gare shi.

Ɗan Gangare: Wannan ya rage aikin da rabi. To idan za a sake rubutawa da Go fa, kamar yadda wasu ke ba da shawara?

Malamin Rikkos: In da Go ne, kada ka rubuta ko ɗaya daga cikin abin da muka lissafa da hannunka. `SharedInformerFactory` na client-go, laburaren Go na magana da Kubernetes, ya ƙunshe su. A cikinsa `Reflector` ne ke karɓo jeri ya buɗe sa ido, yana sabunta haɗin da kansa tsakanin minti 5 zuwa 10, ya sake jeri idan ya ci karo da 410. Abin da ya samo yana bi ta `DeltaFIFO` ya sauka a ma'ajiyar cikin memori, daga nan a kira ayyukanka na ƙari, sauyi da sharewa. Haɗin HTTP/2 ɗinsa ma yana taɓa saba idan an yi daƙiƙa 30 shiru, in ba amsa cikin 15 ya yanke ya sake.

Inda ake faɗawa rami kuwa sananne ne. Bayan `factory.Start`, sai ka jira `WaitForCacheSync` kafin ma'aikatanka su fara. In ba haka ba za su leƙa ma'ajiya tana fanko, su ɗauka duk su Pod sun mutu, su share jerin waje kaf. Sannan a cikin ayyukan da ake kira ɗin nan kada ka kira rumbun bayanai ko wata saba. Ka ciro makulli kawai, `namespace/suna`, ka jefa a `workqueue`, ka fita. Layin aikin yana haɗe makulli iri ɗaya ya zama guda, kuma ba ya ba ma'aikata biyu makulli ɗaya a lokaci guda. Ma'aikaci ya ɗauka, ya karanta halin yanzu daga ma'ajiya, ya daidaita. In ya yi nasara `Forget`, in ya gaza `AddRateLimited`, wanda ke fara jira daga milisakan 5 yana ninkawa har iyakar daƙiƙa 1000. `Done` kuma a kowane hali.

Aikin sharewa yana iya karɓar `DeletedFinalStateUnknown` maimakon Pod, wato an gano ɓacewarsa ne a sabon jeri, ba a ga tafiyarsa ba. Wanda ya juya shi kai tsaye zuwa `*v1.Pod` manhajarsa za ta tarwatse, kuma sai ranar da hanya ta yanke abin zai bayyana. `DeletionHandlingMetaNamespaceKeyFunc` ta san da shi. Abin da ka ciro daga ma'ajiya kuma na kowa ne, `DeepCopy` kafin ka taɓa shi.

Ɗan Taminus: Sai ya sa `resync` na daƙiƙa 30, ya samu nawa da naku a haɗe. In sa ido ya yi kuskure, jeri ya gyara.

Malamin Rikkos: A'a, nan mutane da yawa suke zamewa. `resync` ba ya zuwa wajen saba ko kaɗan. Abin da ke cikin ma'ajiyarka yake sake zubo maka a matsayin sauyi, tsoho da sabo duk abu ɗaya. In ma'ajiyar ta tsufa, tsohon zai maimaita maka. Amfaninsa na ɓangaren waje ne: wani ya shiga jerin adireshin nan da hannu ya ɓata, Kubernetes bai sani ba, babu sanarwar da za ta zo, sai zagayen `resync` ya sa ka sake dubawa. A laburaren controller-runtime awa 10 aka sa masa a asali. Ga aikin Ɗan Gangare minti 10 ya wadatar. Daƙiƙa 30 a kan dubban abubuwa cika layin aiki ne kawai.

Injiniyan Dilimi: Malam, akwai gibin da ko `resync` bai rufe ba, kuma shi ne damuwarsa ta uku. Ma'ajiyar tana memori. Manhaja ta mutu, Pod ya tafi, manhaja ta dawo: sabon jeri ba shi da Pod ɗin, tsohuwar ma'ajiya kuma babu ita, don haka babu wanda zai kira aikin sharewa. Hanya biyu ce. Ko dai a kowane tashi ka karanto jerin waje, duk adireshin da babu mai shi a kulasta ka cire. Ko ka sa `finalizer`, wanda ke hana abu gogewa har sai ka cire sunanka daga jikinsa. Ta biyun tana da haƙƙi: ranar da manhajarka ta kwanta, abubuwa za su maƙale a `Terminating`, `namespace` ma ta ƙi sharuwa. Ga jerin adireshi ta farkon nake zaɓa. Mafi sauƙi ma, makullin ya zama sunan Service, kowane zagaye ka rubuta cikakken jerin daga farko, ka ga babu batun wa ya shiga wa ya fita.

Ga wanda dole sai Pod zai bibiya: suna ba shaida ba ne. Pod na StatefulSet, tsarin da ke ba kowane Pod suna tsayayye, yana mutuwa ya dawo da sunansa, `db-0` dai `db-0`. In hakan ta faru lokacin da haɗi ya yanke, za ka gan shi a matsayin sauyi, ba sharewa da ƙari ba. `metadata.uid` ne ke bambanta su.

'Yar Bukuru: Kada a manta da izini. ServiceAccount, wato asusun da manhajar ke shiga kulasta da shi, yana buƙatar `list` da `watch` duka, `get` kaɗai ba ya yi. Tunda `namespace` ɗaya ce, Role da RoleBinding sun isa, amma sai ka gina `SharedInformerFactory` ɗin da `WithNamespace`, in ba haka ba za ta nemi jerin kulasta gaba ɗaya ta sha 403, `WaitForCacheSync` kuma ya tsaya yana jira ba ƙarshe. Kuma ina roƙonku, kada a ba da `watch` a kan Secret, ma'ajiyar kalmomin sirri, don kawai ana son sanin an canza shi. Mai `list` ko `watch` a kan Secret yana karanta abin da ke cikin kowanne. Tokin ɗin da ke `/var/run/secrets/kubernetes.io/serviceaccount/token` shi ma yanzu mai wa'adi ne, kubelet yana sabunta fayil ɗin. Sababbin laburare suna sake karanta shi da kansu, amma wanda ya karanta sau ɗaya ya riƙe a hannu, 401 na jiransa.

Ɗan Taminus: Tunda an taɓo Secret, wanda kawai yake son manhajarsa ta ga sabon saiti a ConfigMap, ma'ajiyar saitin manhaja, fa? Shi ma duk wannan ginin zai yi?

'Yar Bukuru: Ba ya buƙata. Ya ɗora ConfigMap ɗin a matsayin `volume`, wato fayiloli a cikin kwantena, kubelet zai sabunta fayilolin, kodayake yakan ɗauki minti ɗaya ko fiye. Sharaɗi: ban da `subPath`, ban da saitin da aka shigar ta `env`, waɗannan ba sa sabuntuwa sai an sake Pod. Kuma ya sa ido a kan foldar da ta ƙunshe su, don kubelet ba ya rubutu a kan fayil ɗin kansa, mahaɗin `..data` yake sauyawa a bugu ɗaya. Mai gadin fayil guda zai ga sauyin farko, daga nan ya makance.

Ɗan Gangare: Allah Ya saka da alheri. Ta ƙarshe: idan aka tayar da kwafi biyu don kada ɗaya ta mutu a rasa, kuma ta yaya za a gwada duk wannan kafin a kai shi kan aiki?

Malamin Rikkos: Kwafi biyu su sa ido duka, amma ɗaya ce za ta riƙa rubutu. Ana zaɓen shugaba da `Lease` na `coordination.k8s.io`. Lambobin da aka saba su ne daƙiƙa 15 na riƙo, 10 na sabuntawa, 2 na sake gwadawa. Wadda ta rasa shugabanci ta daina rubutu nan take, mafi aminci ma ta fita gaba ɗaya a sake tayar da ita.

Injiniyan Dilimi: Gwaji kuma kind ko minikube, masu tayar da ƙaramar kulasta a kan kwamfutarka, sun isa. Fara da `kubectl get pods -w --output-watch-events` ka ga da idonka jerin sanarwar da share Pod ɗaya ke haifarwa. Don ganin 410, a kulastar da ta ɗan jima tana aiki, `kubectl get --raw "/api/v1/namespaces/gwaji/pods?watch=true&resourceVersion=1"`, ka lura cewa kuskuren yana iya zuwa a cikin rafin a matsayin `ERROR`, alhali amsar HTTP ɗin kanta 200 ce. Ka cusa wa manhajarka wannan lambar ka ga ko za ta koma jeri. Don shirun nan, sa dokar iptables ta `DROP` a kan hanyar da manhajar ke bi zuwa sabar API, ba `REJECT` ba, don `REJECT` yana sanar da ita, kai kuma mutuwar ɓoye kake son kwaikwaya. Tana cikin duhun, ka share Pod biyu ka ƙara uku daga wata tasha, ka cire dokar, ka duba agogo har jerin waje ya daidaita. Sannan ka kashe manhajar da `kill -9`, ka rage yawan su Pod zuwa ɗaya, ka tayar da ita. Adireshi ɗaya ya kamata ya rage a jerin. Ka kuma fitar da ma'auni guda da ke nuna daƙiƙa nawa ke nan tun sanarwa ko `BOOKMARK` na ƙarshe, ka ɗaura masa ƙararrawa idan ya haura minti 10.